Wuya Uku da Malam Habibu Bai Ɗauka Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 12 ga watan Agusta, 2025, da hantsi, Allah ya yi wa Malam Habibu Mai Yanka rasuwa a gidansa da ke Ƙofar 'Yandaka, bayan jinyar kwana tara. Shekarunsa saba'in da ɗaya. Ya bar matarsa, Malama Baraka, da 'ya'ya biyar da jikoki. An kai shi makwancinsa bayan sallar Azahar, ana ɗan yayyafi.

Ba daga gidanka na ji ba, Malam Habibu, domin an daɗe da daina aiko mani da labarin gidanka. Wani ɗan kabu-kabu ne da ya ɗauko ni daga Ƙofar Kaura ya waiwayo ya ce, "Baba, ka ji mai yankan nan da aka kora lokacin korona ya rasu? Wanda aka ce yana yanka ma mahauta mushe." Na ce ya tsaya in sauka. Bai san ko ni wane ne ba, bai kuma san maganar nan daga alƙalamina ta fito ba. Shekara arba'in kana riƙe da wuƙa, abin da ya rage maka a bakin 'yan gari ke nan, kuma da shi ake nuna 'ya'yanka. Saboda wannan magana na zauna rubutun nan.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Nu'uman, duba-gari ne ni mai ritaya. Shekara goma sha tara na yi ina duba nama a ƙaramar mayankar da marigayi yake yanka. Aikinsa shi ne wuƙa, nawa kuwa hatimi. In ya yanka aka feɗe, sai in zo in tsaga hanta, in matsa huhu, in duba saifa, in na gamsu in buga hatimin tawada a cinya da kafaɗa, sannan nama ya fita kasuwa. Zargi aka ɗauke ni in yi, shi ake biya na a kai, kuma ban taɓa barinsa a ofis ba. Har yau uwargidana tana mita cewa sai na shinshina miyarta nake ci. Ban faɗi wannan don neman uzuri ba, na faɗa ne don a san irin mutumin da ka yi zama da shi.

Ranar da aka fara turo ni mayankar, ina da sauran ƙuruciya, da farar riga da littafi a hammata, ka dube ni daga sama har ƙasa ka ce, "To, ga likitan matattu an kawo mana. Ni ina ganin su da ransu, kai sai sun mutu za ka zo da iliminka." Mahauta suka kwashe da dariya. Sunan nan ya bi ni har na yi furfura. Na ji haushi a ranar, na kuma sa maka ido wata uku ina neman inda zan kama ka. Ban samu ba. Na ga kana sa a ba dabba ruwa kafin a kayar da ita. Na ga kana ɓoye wuƙa a bayanka har sai an gama ɗauri, ba ka kuma yarda a yanka wata a gaban 'yar'uwarta, ko da kuwa mahauci zai yi ta tsaki cewa rana na yi. Wuƙarka kai kake wasa ta da hannunka, ka gwada ta a gashin damtsenka, sannan ka daidaita alƙibla. In ka ja wuƙa ba ka tashi nan take. Sai ka tsuguna kana kallo, ka ga jini ya tsarto, ka ga ƙafa ta shura ko wutsiya ta kaɗa, sannan ka miƙe.

Abu ɗaya na riƙe a matsayin aibinka, shi ne wuyan yanka. Kowa ya san al'ada ce, wanda ya yanka shi ke da wannan ɗan yankin wuya. To amma wasu malaman sukan yafe, musamman ga aboki ko ga talaka. Kai ba ka yafewa. Ranar sunan ɗana na fari kai ka yanka ragon, kana gamawa ka yanki wuyanka ka naɗe a ganye a gaban baƙina, ka ce, "Haƙƙin wuƙa ne, likita, ba a bari nai." Na yi dariya a fili, a zuci kuwa na ce ashe malamin nan akwai kwaɗayi. Daga baya na ga inda wuyan yake zuwa. Lokacin da babur ya kayar da ni na karye a ƙafa, wata biyu cur kwanon romo yana zuwa gidana daga hannun Malama Baraka, kai kuma kana biyo shi da la'asar ka zauna kana tsokanata cewa likita ya kasa gyara ƙashinsa.

Akwai kuma ranar da ba zan manta ba. Na sami wata saniya huhunta duk ƙuraje, na ce ba za ta fita ba, a haƙa rami. Mai ita ya tara 'yan'uwansa mahauta suka kewaye ni, kowa da wuƙar fiɗa a hannu, ba wanda ya ɗaga ta amma ba wanda ya ajiye. Sai ga ka ka ratso su, ka tsaya kafaɗa da kafaɗa da ni, ka ce, "Ni na yanka ta, ta halatta daga wajena. Shi kuma ya ce tana da cuta. Wanda duk ya yarda ɗiyanshi su ci, shi fara kai ma gidanshi." Aka watse. Da muka rage mu biyu na yi maka godiya, sai ka ce in daina ɓata baki, in dai je in canza wando. Haka kake, ba ka barin mutum ya gode maka har ƙarshe.

Sai shekarar 2020 ta zo da annobar korona. Wanda bai zauna cikin harkar nama ba ba zai san yadda abin ya taɓa mu ba. Kafin nan, masu kilishi da masu dambun nama suna zuwa har ofishinmu neman takardar shaidar cewa namansu yankan Musulunci ne kuma lafiyayye, saboda masu sayen kayansu a Abuja da Legas da masu yi wa alhazai guzuri. Cikin mako biyu duk wannan ya tsaya. Aka rufe kasuwannin kara, aka datse iyakokin jihohi, otal-otal suka kulle, daga baya ma aka ce ba mai tafiya Hajji daga nan. Dokar kulle ta same mu a bakin azumi. Mayankarmu aka ce ta yi cunkoso, a rufe ta. Mahauta suka watsu, kowa ya koma yanka a kangon gida ko bayan shago, daga Kambarawa har cikin birni. Mutanen da suka saba sayen nama ido rufe suka fara tambayar mai tebur, waye ya yanka? Amsa ɗaya ce take kwantar musu da hankali, in aka ce Malam Habibu ne, ga kuma hatimi.

Tsarin da aka yi shi ne kai ka bi wuraren nan bayan sallar Asuba da takardar izinin fita, ka yanka ka wuce. Ni kuma in biyo sawunka da hantsi in duba in buga hatimi. Mutanen da suka yi shekara goma sha tara suna shan fura a ƙwarya ɗaya, sai ga shi mun yi kwana ashirin ba mu haɗu ba. Babaji, dattijon mahautanmu, wanda ba a kayar da dabba sai yana tsaye, 'ya'yansa suka hana shi fita saboda tsufa. Kafin Sallah ma ya rasu, cikin dattawan da aka yi ta rasawa a wannan watan.

Ran sha ɗaya ga azumi na isa wani kango a Kambarawa inda wani mahauci mai suna Sagir yake fiɗa. Bijimai uku ne a rataye. Abin da idona ya fara kaiwa shi ne wuyansu. Dukansu uku an yanka, amma ba a cire wuyan yanka ba. Na ce, "Sagir, waye ya yi maka yanka yau?" Ya ce kai ne. Na ce, "Malam Habibu ya bar wuya har uku?" Ya yi dariya ta cikin takunkumi ya ce, "Ya ce ya yahe, ranka shi daɗe. Ka san azumi ne, kowa lada yake nema." Na ce a raina, da walakin goro a miya. Amma na buga hatimi na wuce.

Nan zan faɗi abin da ban rubuta a rahotona ba, kuma ban taɓa gaya wa kowa ba. A ranar ban taɓa naman nan da hannuna ba. Tsoro nake ji. Ina da ciwon suga, rediyo kuma kullum cewa take masu irin ciwona su ne cutar ta fi kayarwa. Sai na tsaya daga nesa, na sa Sagir ya ɗaga hanta, ya juya ta, ya ɗaga huhu. Na ga naman ya yi duhu fiye da yadda ya kamata, na ce ƙila inuwar kango ce. Wanda ya yi rabin shekarun da na yi a aikin nan ya san naman da jini bai fita daga jikinsa ba. Da na matsa taku uku na danna yatsa, da na gane. Ina da sauran wurare goma da zan je, ga ƙishin azumi, ga gumi a cikin takunkumi. Na miƙa hannu daga nesa na buga, kamar mai taɓa tukunyar da ke kan wuta.

Wuyan nan uku suka hana ni sukuni. Na fara bincike irin nawa. Wata mai tuwo a Ƙofar Kaura ta ce naman da ta saya a makon ya canza wari tun kafin la'asar. Na nemo ɗaya daga cikin leburorin da suka sauke shanun, na zagaya da shi ta nesa har ya saki baki. Ya ce tirelar da ta kawo su kwana huɗu ta yi a tsare a shingen kan iyakar jiha, ba ruwa ba ciyawa. Da aka buɗe ta, bijimai uku suna kwance, da igiya aka jawo su ƙasa. Aka ce maka ka yi sauri. Ka ja musu wuƙa ɗaya bayan ɗaya. "Ko shurawa ba su yi ba," in ji shi, "jinin ma baƙi ne, ɗiga kawai yake." Na tambaye shi me ka ce. Ya ce ba ka ce komai ba, ka daɗe a tsugune, ka goge wuƙarka ka hau kekenka.

Sai na haɗa lissafina, kuma na ji daɗin yadda ya haɗu, wannan ma sai na faɗa. Na ce mutumin da bai yafe wuya ranar sunan ɗana ba, me zai sa ya yafe wa Sagir uku? Ya san mushe ne. Ya sa musu wuƙa don a ce an yanka, an sallame shi ta wata hanyar, shi kuma ya ƙi kai wa iyalinsa abin da ya san haram ne. Biri ya yi kama da mutum. Gidanka bai fi tafiyar minti goma a babur daga nawa ba, Malam Habibu, kuma ina da takardar fita. Lambarka tana cikin wayata. Ban zo ba, ban kira ba. Na ce in na tambaye ka za ka shirya amsa. Na zauna na rubuta shafi biyu na kai ofis.

Mutum biyar aka yarda su shiga zaman, kujeru nesa da juna, kowa fuska a rufe. Shugaban sashenmu ya karanta rahoton. Aka tambayi Sagir, ya ce, "Ni mahauci ne, mi na sani? Malam ya yanka, likita ya buga hatimi, ni kuma na sai da." Kai kuwa tunda aka fara kanka yana ƙasa, sai a nan ka ɗago. Ka ce, "An sai da?" Aka ce an sayar. Ka sake cewa, "Dukansu ukun? Mutane sun ci?" Aka ce tun kwana tara da suka wuce. Idonka kaɗai nake iya gani a saman takunkumi, ka juyo da shi kaina, ka daɗe. Na ɗauka kallon wanda aka kama ne. Daga nan ka ce, "To laifina ne." Ka zaro wuƙarka da kubenta daga cikin riga ka ɗora a kan tebur, ka yi sallama. Na rubuta a littafina cewa wanda ake tuhuma ya amsa laifinsa.

Shekara biyar ke nan da wata uku. Ka koma zama a ƙofar gida kana wasa wa mutane wuƙaƙe da almakashi. Ko kaza aka daina kawo maka. Ɗanka Anas, wanda ya koyi yanka a hannunka har ya yi iyali a kan sana'ar, mahauta suka daina kiransa, ya koma dako a kasuwar hatsi. In mun haɗu a jana'iza ko ɗaurin aure kai kake fara miƙo hannu, ka tambayi gida da ƙafata da ta karye, ni kuma in amsa a taƙaice. Ko wannan gaisuwar ban bar ta haka ba, na ce neman shiri kake don in janye rahoto.

Ranar sadakar uku na je gidanka, na zauna can gefen tabarma inda ba za a lura da ni ba. Ina ta kallon masu yabonka ɗaya bayan ɗaya ina cewa a raina, ina kuke shekara biyar? Sai wani tsohon mahauci, Ɗanjuma, wanda kulle ya rutsa da shi a ƙauyensu a wancan lokacin kuma bai dawo sana'a ba, ya karɓi magana. Ya ce, "Allah shi ji ƙan Habibu. Bai taɓa kunyata mahauci gaban mutane ba. In dabba ba ta yanku ba, ba shi cewa uffan, sai dai shi bar wuyanshi a jikinta shi wuce. Babaji na ganin haka zai sa a ja ta baya a turbuɗe, ko hwiɗa ba a yi. Tun zamanin ubanshi haka suke yi." Ya faɗi wannan ne a cikin yabo, ya wuce zuwa wani zancen.

Ban yarda ba. Hali zanen dutse. Na ce tsoho ne, yana gyara wa mamaci suna. Washegari na fita na nemi tsofaffin mahauta uku, kowa shi kaɗai, ba wanda ya san na je wajen wani. Ban ambaci sunanka ba. Na ce wani ɗana ne yake rubutun makaranta, yana tambaya ko mai yanka yakan bar wuya. Na farko ya ce, "A wajenmu dai in Malam ya bari, ba ta ciwuwa." Na biyu ya faɗi haka. Na uku ya dube ni ya ce, "Likita, shekara nawa ka yi da mu, ba ka san wannan ba?" Ban sani ba. Ta yaya zan sani? Duk dabbar da ka bar wa wuya ba ta taɓa isowa teburina ba, Babaji ya riga ya kawar da ita kafin in gama ɗaura rigar aiki. Shekara goma sha tara kuna tace mani nama ku biyu, ni kuma ina taƙama da cewa ba a taɓa samun mushe a ƙarƙashin hatimina ba.

Ashe wuyan da kake naɗewa a ganye shi ne sa hannunka. Shi ya sa ba ka yafewa, ko ga aboki. A kangon Kambarawa ka yanke hukunci sau uku cewa haram ne, da harshen da kowane mahauci yake ji. Ka tafi da tabbacin za a binne su. Wanda ya zo bayanka ya halatta su da tawada, ni ne.

Na je wajen Sagir. Yanzu Alhaji ne, yana da shago mai firji uku, kuma shi ya kawo buhun shinkafa mafi girma gidan makoki. Ya tarbe ni da lemo. Na ce masa na san ma'anar wuyan. Bai ko girgiza ba. Ya ce, "Baba, abin da ya wuce ya wuce. Bijimi uku hwa, a lokacin da ba kasuwa. Ni na ce bari in ga mi likita zai ce. In ka hana, in turbuɗe. Ka zo ka buga. Hatimin wa ke jiki?" Na so in zage shi, amma tambayarsa tana da amsa. Na bar masa lemonsa a kan benci.

Har yanzu zargi bai sake ni ba, sai dai ya canza wuri. Ina zargin mahautan da suka san ma'anar wuyan nan suka yi gum shekara biyar. Na san dalilinsu, in aka ce mahauci ya sayar da mushe da saninsa, kasuwar kowa ce za ta mutu, gara a ce malami ɗaya ne ya lalace an kuma kore shi. Ina zargin ofishinmu da ya karɓi shafi biyu daga hannuna bai tambaye ni ko na taɓa naman ba. Kai ma ban bar ka ba, Malam Habibu. Me ya hana ka magana a zaman nan? Kalma goma sun ishe ka. Na juya abin ta kowace fuska. Wataƙila ka raina mu ne, ka ga wanda ya zauna da kai shekara goma sha tara ya rubuta wannan bai cancanci bayani ba. In haka ne ka yi daidai. Amma abin da ya fi damuna, ina zargin ka gane a take cewa in ka wanke kanka, laifin ba shi da inda zai sauka sai kan mai hatimi. Kallon nan da ka yi mani, yanzu ba na jin na wanda aka kama ne.

Na kasa haƙuri, ranar Lahadi na koma Ƙofar 'Yandaka na nemi a yi mani iso wajen Malama Baraka. Tana cikin takaba, ta tsaya daga bayan labulen zaure, ni ina tsugune. Muka gaisa, na yi mata ya haƙuri, ta amsa, ta tambayi mutanen gidana ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Na gaya mata duk abin da na rubuta a nan, ban rage ba. Sannan ta ce, "Malam Nu'uman, tun wancan azumin bai ƙara sa nama a bakinshi ba, ko na layya. In na matsa mashi sai shi ce, Baraka, ni na ciyar da masu azumi mushe. Na ga haram na yi shiru don kar in kunyata mutum guda, na bar alama inda ya kamata in buɗe baki." Na ce ko ya taɓa ambatona. Ta ce, "Sau ɗaya. Anas ne ya zage ka, ya hana shi. Ya ce Nu'uman bai yi ƙarya ba, bai dai tambaya ba." Na roƙe ta gafara. Ta ce, "Nawa na yahe, duniya da lahira. Nashi ba a hannuna yake ba."

To ga abin da ya rage a hannuna, kuma na san ya zo a makare. Ni Nu'uman, wanda ya rubuta rahoton da aka raba Malam Habibu da wuƙarsa, ina shaida wa mutanen Katsina cewa abin da na rubuta a kansa ba haka yake ba. Bai halatta mushe ba, haramta shi ya yi. Na kai takardar janyewa ofishin da na kai ta farko, na kuma roƙi limamin masallacin unguwarsu ya bar ni in tashi in faɗi wannan da bakina bayan sallar Juma'a. Duk wanda ya ci naman nan a azumin korona, ba shi da laifi wajen Allah tunda bai sani ba, amma in yana neman wanda zai riƙe, ni ne. Mahautan da suka daina kiran Anas, ku san cewa hannun da ya koya masa yanka hannu ne mai tsarki. Malamai sun daɗe suna gaya mana zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, ni nawa bai ma zama ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Malama Baraka, da 'ya'yansa Anas, da Hafsat, da Zulaihat da sauran ƙannensu, da jikoki, da mutanen Ƙofar 'Yandaka, da duk wanda ya taɓa cin halal ta hannun wannan bawan Allah, waɗanda ba su ƙirguwa. Allah ya ba ku haƙurin rashinsa, ya kuma saka muku haƙurin da kuka yi tun yana raye.

Ya Allah, ka ji ƙan bawanka Habibu. Ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi, ka sa ya amsa tambaya cikin sauƙi. Ya tausaya wa dabbobinka a lokacin da ba mai ganinsa sai kai, ka tausaya masa. Shirun da ya ɗauka a matsayin zunubi har ya hana kansa nama shekara biyar, ka yafe masa shi, ka ciyar da shi daga abin da ka tanadar wa bayinka na gari a Aljannar Firdausi. Ka sa namu ƙarshen ya yi kyau.

Kai kuma, Malam Habibu, na san akwai ranar da za a tsayar da mu, ni da kai, a gaban wanda ba a ɓoye masa komai. Ba ni da hujjar da zan zo da ita. Abu ɗaya nake roƙo, in an ba ka dama a kaina, ka tambaye ni tukuna kafin ka yanke, ko da yake ni ban yi maka haka ba.